Baƙi bakwai a gida, aiki kuma yana jira a majami'a

Maman Tagwaye, Samaru

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku da damina, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Na zo neman shawara ne a kan mako na uku na watan Agusta, wanda tun ranar da na zauna na ƙirga abubuwan da suka taru a cikinsa barcina ya ragu.

Ina da ƙawaye biyu da muka yi makarantar kwana tare, kuma rabon da mu haɗu mu uku a wuri guda tun bikin auren ƙaramarmu. Ɗaya tana zaune a Jos, za ta zo da 'ya'yanta uku tun da yara suna dogon hutu. Ɗayar tana Gombe, za ta kawo mahaifiyarta ganin likita a asibitin koyarwa na Shika a nan Zariya, tare da babban ɗanta wanda yake da burin shiga Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma so ya ga wurin da idonsa. Tun watan Mayu muka tsayar da rana, kuma ni ce na nace cewa ba za su sauka ko'ina ba sai gidana. Baƙi bakwai ke nan, mu kuma a gida mu shida ne, wato ni da maigidana da yara uku da ƙanwarsa da ke zaune tare da mu. Mutum goma sha uku za a ciyar sau uku a rana, daga Litinin zuwa wata Litinin.

Abin da ban hango ba shi ne, makon zumuntar mata na majami'armu, wanda da an sa shi a ƙarshen wata, an dawo da shi wannan makon. Ranar Talata akwai ziyarar marasa lafiya da gwauraye, Laraba nazarin Littafi Mai Tsarki, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a azumi da addu'a, Asabar share majami'a, ranar Lahadi kuma mata ne za su bi da sujada, bayan an tashi a ciyar da jama'a kamar mutum ɗari da ashirin. Shekara huɗu ke nan ni ce nake riƙe da girkin wannan Lahadin, daga cefane har zuwa wanke tukwane, kuma bana ma ba a tambaye ni ba aka rubuta sunana, domin an saba. Ban da wannan, ina koyar da aji ɗaya a makarantar hutu ta yara, kullum daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, Litinin zuwa Jumma'a.

Ga kuma halin da madafata take ciki. Ina da risho na gas mai kai biyu a ciki, da murhu a waje ƙarƙashin wata rumfa wadda take yoyo ta gefe guda idan ruwa ya zo da iska. Itacen da na saya a watan jiya har yanzu bai bushe ba, sai hayaƙi da hawaye kafin ya kama. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, domin makon da ya wuce na dafa babbar tukunyar miyar taushe na sa a firij, aka ɗauke wuta kwana biyu, da na buɗe murfin sai na tarar da kumfa a samanta, dole na zubar da ita duka har da naman. Tumatir ya yi tsada kamar yadda ya saba yi a wannan lokaci. Mahaifiyar ƙawata kuma tana fama da hawan jini da ciwon suga, ban san ko tukunya dabam zan riƙa ɗora mata ba.

Gaskiyar abin da ke damuna ita ce, ina jin kunyar in je wurin uwar zumunta in ce ba zan iya ba, kada a ce na fifita baƙina a kan aikin Ubangiji. Ina kuma jin kunyar ƙawayena su yi wannan doguwar tafiya su tarar da ni kullum da mayafi a kafaɗa ina hanyar fita. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, yaya kuka yi? Wane irin abinci ne zai ɗauke ni mako guda ba tare da na wuni a bakin murhu ba, kuma me ya kamata in ajiye, me ya kamata in riƙe?

Kakar Yara, Wusasa

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ba ki ƙarfi. Na karanta maganarki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba tumatir ba ne ko itace, sai wannan da kika ce shekara huɗu ke kaɗai kike riƙe da girkin Lahadi, har an kai ga rubuta sunanki ba tare da an tambaye ki ba. A nan matsalar take, kuma ko da baƙi ba su zo ba, da ma lokacin gyara ta ya yi.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Na yi fiye da shekara talatin a zumunta, na kuma riƙe shugabancinta sau biyu. Wata shekara, ina da ƙarfina a lokacin, dangin maigidana suka zo mana hutu su tara, ya kuma zo daidai da babban taron da majami'armu ta karɓi baƙuncinsa. Na ɗauki girkin gida, na ɗauki na taro, ban nemi kowa ba, domin a ganina ba wanda zai yi shi yadda nake so. Ranar Asabar da hantsi ina tuƙa tuwo sai na ji muciya ta yi mini nauyi, ƙasa tana juyawa, ashe zazzaɓi ne da na yi kwana uku ina dannewa. Aka kwantar da ni ina kuka, ba don ciwon ba, sai don tunanin cewa gobe baƙi za su zauna da yunwa. Da yamma wata gwauruwa, wadda kullum a bencin baya take zama kuma ban taɓa sa ta wani aiki ba, ta shigo ɗakina da kwanon miya a hannu don in ɗanɗana. Miyar ta fi tawa daɗi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Mama, ai mun daɗe muna jira ki kira mu." Har yau idan na tuna wannan magana jikina yakan yi sanyi, domin a ranar na gane cewa ba wahalar da kaina kaɗai nake yi ba, ina hana waɗansu rabonsu na hidima.

Saboda haka ki je wurin uwar zumuntarku yau ko gobe, kada ki bari sai an shiga makon. Kada ki aika saƙo ta waya, ki taka da ƙafarki zuwa gidanta, ki gaishe ta, ki faɗa mata adadin baƙinki da kwanakin da za su yi. Kada kuma ki tsaya a kan cewa ba za ki iya ba. Ki je da sunayen mata huɗu ko biyar da kika san hannunsu, ki ce ga mai cefane, ga mai shinkafa, ga mai miya, ga mai zoɓo, ke kuma za ki tsaya a kansu ranar Asabar. Shugabar da aka kawo wa matsala tare da mafita ba ta da dalilin ɓacin rai. Ki tuna cewa a cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ƙara wa kansu aiki ba, sai aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu. Idan girkin ikkilisiyar farko ya buƙaci mutum bakwai, ban ga dalilin da zai sa na majami'arku ya rataya a wuyan mace ɗaya ba.

Game da kunyar da kike ji kada a ce kin fifita baƙi, ni ban yarda cewa karɓar baƙo wani abu ne dabam da aikin Ubangiji ba. Tsohuwa mara lafiya za ta kwana bakwai a ƙarƙashin rufinki. Ranar Talata matan zumunta za su fita neman marasa lafiya gida gida, ke kuma an kawo miki taki har ɗaki. Ki zauna da ita ranar nan, kuma idan matan suna da hali, su biyo ta gidanki su yi mata waƙa ɗaya da addu'a.

Sai maganar ƙawayenki. Waɗanda kuka ci daga kwano ɗaya a makaranta ba baƙin kunya ba ne. Ranar da suka iso ki karɓe su da duk abin da ya dace, ki shimfiɗa musu, kada ki bari su taɓa ko cokali. Daga washegari ki miƙa wa ɗaya wuƙa da tire, ɗayar ki ba ta tsintar shinkafa. Matan da suka yi shekaru ba su haɗu ba, hirarsu ta gaskiya a bakin murhu take fitowa, ba a kan kujerar falo ba, kuma idan kika zaunar da su ke kina ta kai da kawo, za su koma gida da nauyin cewa sun wahalar da ke.

Hajiya Mai Girki, Tudun Wada

Ƙanwata, ni Musulma ce, don haka maganar majami'a na bar wa Mama, kuma ta faɗi abin da ya dace. Amma girkin biki da na suna shi ne sana'ata tun ina amarya, zan kuma gaya miki yadda nake bi da damina.

Kada ki yi cefane kullum. Ki ware Asabar ɗin da ke gaban zuwansu ki shiga kasuwar Sabon Gari sau ɗaya, ki sayi duk abin da ba ya lalacewa, wato shinkafa, wake, garin masara, man gyaɗa da manja, busasshen kifi, kuka, daddawa, albasa da gyaɗa. Idan maigidanki yana da hanyar zuwa kasuwar Giwa, tun da ku a Samaru kuna kan hanyar, hatsi ya saya a can. Abin da za ki bari na yau da kullum shi ne ganye kawai, kuma Allah ya sa damina lokacinsa ne, ga alayyafo, ga rama, ga yakuwa, ga zogale, ga ɗanyar kuɓewa, duk suna araha a bakin hanya. Wanda ya nace sai miyar tumatir a watan Agusta shi ne yake kuka da kasuwa.

Duk da haka kina buƙatar jar miya ko don yara. Ki sayi busasshen tumatir, ki wanke shi sau uku saboda ƙasa, ki jiƙa shi a ruwan zafi har ya yi laushi, sannan ki haɗa da tattasai da attaruhu da albasa mai yawa a kai markaɗe. Ki zuba a tukunya ba mai, ki bar shi a wuta har ruwansa ya ƙone ya kama jikinsa, sai ki soya shi da mai sosai har man ya taso ya rufe samansa. Kada ki sa masa nama ko ruwan nama. Wannan shi ne jarinki na mako; daga cikinsa za ki ɗiba ki yi dafa-duka yau, gobe ki yi miyar shinkafa, jibi ki zuba a faten wake. Ki riƙa ɗumama shi safe da dare, kuma kada cokali mai ruwa ya shiga ciki. Nama kuwa ki tafasa shi da albasa da citta, ki soya shi ya bushe, ki ajiye a kwando mai shan iska, ba a roba mai murfi ba. Miyar taushe da kika yi asara ba miyar ajiya ba ce ko da akwai wuta, domin kabewa da gyaɗa ba su da haƙuri. Ana dafa ta ne a cinye a ranar.

A tawa ƙwarewar, mudu ɗaya na shinkafa yana ciyar da manya goma idan akwai wake ko ganye a gefe, saboda haka ku goma sha uku, da yara a cikinku, mudu ɗaya da ɗan ƙari ya ishe ku ci ɗaya. Ki riƙa ɗora babbar tukunya sau ɗaya a rana, ba sau uku ba. Tuwon dare ki tuƙa shi da yawa, ki ƙulla, da safe a yi ɗumame, wanda ba ya so ya sha kunun gyaɗa ko shayi da burodi. Tun da kina fita ƙarfe tara ki dawo sha biyu, abincin rana ya zama mai tukunya ɗaya wanda ƙanwar maigidanki za ta iya ɗorawa kafin ki dawo, kamar faten tsaki da rama, ko shinkafa da wake da mai da yaji, ko dambu da zogale. Da la'asar kuma kada ki kunna wuta don yara. Sabuwar masara ta fito, dafaffiyar gyaɗa tana ko'ina, su ne za su riƙe su har dare.

Waina ki bar ta rana ɗaya tak, ranar da kike so ki karrama baƙinki. Ki jiƙa farar shinkafar tuwo tun safe, ki dafa kaɗan daga ciki ki haɗa, a markaɗa da yamma, ki sa yis ki rufe. Ki sani cewa a sanyin damina ƙullu ba ya tashi da wuri kamar a bazara, don haka ki ajiye robar kusa da murhu inda akwai sauran ɗumi, ba a ƙasan siminti ba. Idan ya yi tsami da safe, ɗan ruwan kanwa zai gyara shi.

Itacen nan kuwa ki daina faɗa da shi. Ki sayi buhun gawayi ɗaya, ki ɗora shi a kan katako ko bulo don kada ya sha sanyin ƙasa, ki yi manyan girki a kurfoti, gas ya zama na shayi da ɗumame. Itacen ki faskara shi ƙanana ki jera a gefen wutar, a hankali zai bushe kafin girkin ranar Asabar. Na mutum ɗari da ashirin ɗin kuma, dafa-duka ce mafi sauƙi, mudu goma sha biyu zuwa sha uku, a raba tukunya biyu, domin babbar tukunya ɗaya takan ƙone a ƙasa sama bai nuna ba. Idan ba ku da manyan tukwane, masu haya suna nan, amma ki kama tun da wuri saboda Asabar ranar biki ce.

Malam Mai Ritaya, Sabon Gari

'Yata, na lura cewa a duk bayaninki sau ɗaya kika ambaci maigidanki, shi ma a cikin lissafin masu ci. Ban san yanayin aikinsa ba, amma baƙin gidansa ne, kuma mu maza sau da yawa ba ƙin taimako muke yi ba, rashin sanin inda za mu kama ne, matanmu kuma ba su faɗa. Ki zauna da shi da dare ki ba shi ayyuka da sunansu. Ɗauko buhun gawayi, cika gas, kai markaɗe, tanadin ruwa, gyara yoyon rumfa, kai tsohuwa Shika da dawo da ita, duk waɗannan ba sai ke ba. Yaron nan mai son jami'a ma shi ya kamata ya zagaya da shi, ya nuna masa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da tsangayar da yake so, ya kuma gaya masa cewa tun 1962 aka buɗe jami'ar, kuma idan shari'a ko aikin mulki yake so, to a harabar jami'ar da ke unguwar Kongo ake karanta su, ba a Samaru ba.

Shawara ta biyu ita ce a fitar da yaran daga gida rana ɗaya. Yara shida a ɗaki ana ruwa, ba mai girkin da za ta samu natsuwa. Ranar Alhamis bayan an tashi daga makarantar hutu, idan gari ya yi haske, maigidanki ya kwashe su zuwa Wusasa. Yawancin yaranmu na yanzu suna tsammani Kiristanci cikin harshen Hausa jiya aka fara shi. Su je su ga tsohuwar majami'ar Bartalamawus mai tsarki, wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa a 1929, shekarar da mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya, inda Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna tun 1905, ta koma gindin dutsen Kufena. A gaya musu cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito ne a 1932, cewa a wannan ƙaramin gari Janar Yakubu Gowon ya tashi kafin ya shugabanci ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, kuma Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi karatu a makarantar wurin. Yaron da ya zo daga Jos ko Gombe ya taɓa wannan bangon da hannunsa, zai daɗe bai manta ba. Ke kuma a sa'o'in nan uku gida zai zama naki da ƙawayenki.

Abu ɗaya kawai nake roƙo kada ki ajiye, shi ne ajin yaran da kike koyarwa. Girki ana iya miƙa wa wata a ranar, amma yaran da suka saba da malamarsu, idan aka canja musu a tsakiyar mako, darasin yakan watse. Ki tafi da yaran baƙinki su zauna a ajin tare da naki.

Ma'aikaciyar Jinya, Hanwa

Yaya, ina tare da iyayena a yawancin abin da suka faɗa, amma ina da gyara kaɗan a kan maganar Hajiya, da fatan za ta yi mini haƙuri. Soyayyen kayan miya yakan jure idan ana ɗumama shi har ya tafasa, amma ban so a ja shi mako guda ba tare da sanyi ba a gidan da akwai ƙananan yara da tsohuwa mara lafiya. Gara ki raba aikin biyu, ki soya na farko ranar Lahadi, na biyu ranar Alhamis. Dafaffiyar shinkafa kuma ita ce ta fi yaudara, domin takan lalace ba tare da ta canja wari ba. Wadda ta kwana a waje kada a ba kowa. Damina lokacin gudawa da amai ne, saboda haka ruwan sha a tafasa shi ko a sayi wanda aka amince da shi, ganye kuma a wanke shi sosai kafin a yanka.

Game da Mama mai hawan jini da suga, ba sai kin ɗora mata tukunya dabam ba. Ki ɗebi nata miyar kafin ki zuba gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ki ƙara mata daddawa da albasa don ta ji daɗin ci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen nan gishiri ne mafi yawansa. Kununta da zoɓonta a cire kafin a sa suga. Tuwo a rage mata malmala, a yawaita mata ganye da wake da kifi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada abincinta ya makara, domin mai shan maganin suga idan ya daɗe bai ci ba, jiri da rawar jiki za su iya kama shi. Ranar Jumma'a da za ku yi azumi, ki tabbata an bar mata nata a kula, kada kuma ta ce za ta bi ku azumin sai da izinin likitanta. Ki tambayi ƙawarki tun yanzu ko an ce su je asibiti ba ta karya ba saboda gwajin jini, su kuma zo da duk magungunanta da tsofaffin takardunta.

Sai gidan sauro. Mutum goma sha uku na nufin waɗansu za su kwana a falo a kan katifa, kuma su ne sauro yake samu. Ki ƙirga shimfiɗu ki ƙirga gidajen sauro, ki buga ƙusoshin ratayawa kafin su iso, ba daren da suka zo a gajiye ba.

Maman Tagwaye, Samaru

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama, na bi maganarki, jiya da yamma na je gidan uwar zumuntarmu da ƙafata, gabana yana faɗuwa har na zauna. Da na gama bayani ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta daɗe tana ganin aikin ya yi mini yawa, amma tana tsoron idan ta rage mini in ɗauka an raina ƙoƙarina ne. Ashe shekara huɗu kowaccenmu tana jin nauyin 'yar'uwarta. Mun raba girkin ga mata biyar, kuma biyu daga cikinsu sababbin aure ne da ba su taɓa shiga madafar majami'a ba. Da na kira ɗaya a waya, sai da ta tambaye ni sau biyu ko da gaske ita nake nufi. Ni zan je ranar Asabar daga ƙarfe biyu in tsaya a kan tukwane. An ɗauke mini ziyarar Talata da koyon waƙa na Alhamis, kuma matan sun ce gidana ne zai zama na ƙarshe a zagayensu, don su gaishe da tsohuwa.

Baba, ajin yara yana hannuna, ban ajiye shi ba. Na kuma karanta wa maigidana abin da ka rubuta, ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, amma yau da safe na ji motsi a waje, na leƙa na gan shi a kan tsani yana ɗaure sabuwar leda a gefen rumfar. Ya ce shi zai kai su Shika ranar Laraba, ya kuma nemi hutun Alhamis saboda tafiyar Wusasa.

Anti mai jinya, na ƙirga, gidajen sauro huɗu gare ni, shimfiɗu kuma shida za a yi, don haka zan sayo biyu ranar Asabar. Na kira ƙawata ta Gombe, ta ce lallai an ce mahaifiyarta ta je ba ta karya ba, saboda haka zan zuba mata kunu mara suga a fulas su tafi da shi, ta sha da zarar an ɗebi jinin.

Hajiya, gawayi ya iso, busasshen tumatir ma na saya na jarraba kaɗan a daren jiya, yaran ba su gane bambanci ba. Wainar na sa ta ranar Litinin ta ƙarshe, su karya da ita kafin su kama hanya. Sai dai tandata ta ƙasa ce mai gida shida, ta kuma daɗe a ajiye tun Kirsimeti, ina tsoron kada ta riƙa kamawa. Shin in shafe ta da mai in ɗora a wuta tun daren Lahadi, ko kuwa gara in ari ta ƙarfe wurin maƙwabciyata?